Yatsu Biyu a Gaban Ido: Tarihin EMDR da Inda Ya Dosa

Kafin a yi zancen magani sai an san cutar. A shekarar 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani likitan sojan Ingila mai suna Charles Myers ya rubuta labarin sojojin da ake dawowa da su daga fagen daga a Faransa. Babu harsashi a jikinsu, babu karaya, amma wani ba ya gani sosai, wani ya daina jin wari da ɗanɗano, wani ya manta abin da ya same shi. A lokacin an ɗauka ƙarar bama-bamai ce ta girgiza masu ƙwaƙwalwa, wasu hafsoshi kuwa suka ce ragwanta ce kawai. Sai a 1980, bayan tsofaffin sojojin Biyetnam da masu kula da matan da aka yi wa fyaɗe sun matsa lamba, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa cutar cikin kundinta da sunan PTSD. Mu kira ta ciwon bayan firgici. Abin ya wuce, amma jiki bai yarda ya wuce ba. Mutum na zaune lafiya, ƙarar babur ko warin hayaƙi ya mayar da shi ranar, ya ga abin a gabansa kamar yanzu ake yi. Barci ya ƙi, in ya zo ya zo da mugun mafarki. Ya riƙa kauce wa hanya, ko kasuwa, ko mutanen da ke tuna masa.

Maganin da aka fi dogara da shi a wancan lokaci mai ɗaci ne: a sa mutum ya ba da labarin abin dalla-dalla, ya maimaita, ya sake maimaitawa, har tsoron ya gaji ya kwanta. Yana aiki, har yau ana yin sa. Sai dai ba kowa ke iya jurewa ba, da yawa sukan gudu tun ba a kai ko'ina ba.

A nan Francine Shapiro ta shigo. An haife ta a Buruklin, cikin birnin Niyok, a 1948, kuma asalinta ba likita ba ce. Adabin Ingilishi take karantawa, tana shirin doktora, sai aka gano tana da ciwon daji a 1979. Wannan ya juya mata rayuwa. Ta koma Kalifoniya, ta shiga neman sanin yadda damuwa ke taɓa jiki, ta kama karatun halayyar ɗan Adam a wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta a San Diyego. Labarin da ta riƙa bayarwa har ta rasu a 2019 shi ne: wata rana a 1987 tana yawo a wani lambun shaƙatawa, wasu tunane-tunane na cin ta, sai ta lura sun dushe. Da ta sa hankali, sai ta ga duk lokacin da tunanin ya zo idanunta na kai-komo da sauri. Ta gwada da gangan, ta kira tunanin, ta motsa ido, zafinsa ya ragu. Daga nan ta gwada a kan abokai da sanayya, wajen mutum 70. Da ta ga yawancinsu ba su iya motsa idon da kansu yadda take so, sai ta ɗaga yatsu biyu ta ce su bi su da kallo.

Labari ne mai daɗin ji, kuma ni duk labarin ganowa da ya yi daɗi da yawa nakan ɗan ja baya. Ba ni kaɗai ba. Gerald Rosen, wani masanin halayya a Amurka, ya daɗe yana cewa da wuya mutum ya ji irin wannan motsi na idonsa da kansa. Daga baya ya nuna cewa tun 1985 Shapiro ta yi rubutu a kan NLP, wata hanya da Richard Bandler da John Grinder suka ƙirƙiro a shekarun 1970, wadda ke da'awar ana karanta tunanin mutum daga inda ya juya ido. Mu ƴan sashen harsuna muna da ɗan hannu a nan, don Grinder malamin kimiyyar harshe ne a jami'ar Kalifoniya ta Santa Kurus, ko da yake NLP ɗin ba ta tsaya da ƙafarta ba da aka auna ta. Ko a lambu abin ya faɗo mata, ko da guzurinta ta shiga lambun, wannan bai ce maganin na aiki ko ba ya aiki ba. Amma ya nuna irin ƙasar da ya tsiro a kai, kuma shi ya sa malaman jami'a suka tarbe shi da harara.

A 1989 ta buga bincikenta na farko. Mutum 22 ne, cikinsu akwai tsofaffin sojojin Biyetnam da waɗanda aka ci wa zarafi. Ta raba su biyu: rabi suka bi yatsu, rabi suka ba da labarin kawai. Ta ce a zama ɗaya tak damuwar rukunin farko ta faɗi warwas, kuma bayan wata uku ba ta dawo ba. Zama ɗaya, ga mutumin da ya shekara goma sha yana mafarkin yaƙi! Sai dai ita ce mai maganin, ita ce mai aunawa, ita ce mai rubutawa, ma'aunin kuma bakin majinyacin ne kawai. Duk da haka Joseph Wolpe, ɗaya daga cikin dattawan fannin, ɗan asalin Afirka ta Kudu, ya gwada ya ce ya ga alama, kuma maganarsa ta buɗe mata ƙofofi.

Sunan farko harufa uku ne, EMD: biyun farko motsin ido, na ukun dusar da zafin tunani. A 1991 ta ƙara R, wato sake sarrafawa. Ƙarin harafin nan ba ado ba ne, da'awa ce sabuwa. Yanzu cewa take tunanin firgici abu ne da ya maƙale ɗanye a ƙwaƙwalwa, da hotonsa da ƙararsa da warinsa, kamar lomar da ta tsaya a maƙogwaro, maganin kuma yana taimakon ƙwaƙwalwa ta haɗiye shi ya koma cikin sauran abubuwan da suka wuce. Abin dariya, a daidai lokacin ne aka fara cewa ba dole sai ido ba, ana iya ɗan bubbuga gwiwar dama da ta hagu, ko sa ƙara a kunne ɗaya bayan ɗaya. Ita kanta ta ce da za ta sake raɗa suna, da ba ta sa ido a ciki ba. Amma suna in ya kama, ya kama.

Ga yadda zaman yake, tun da littafinta na 1995 ya tsara shi mataki takwas. Ba a fara da yatsu. Sai an ji tarihin mutum, an koya masa yadda zai kwantar da kansa in abin ya taso. Sannan a zaɓi hoto ɗaya, wanda ya fi muni. A tambaye shi wace magana yake faɗa wa kansa in ya tuna, misali "laifina ne" ko "na lalace". A tambaye shi wadda zai so ya yarda da ita, kamar "na yi iyakar ƙoƙarina". Ya auna zafin daga 0 zuwa 10, ya nuna inda yake jin sa a jiki. Sai ya riƙe hoton a zuci yana bin yatsu, kai-komo wajen sau ashirin da huɗu, kamar rabin minti. A tsaya, ya ja numfashi, a tambaye shi abin da ya zo. Ko me ya ce, a ce ya bi shi, a sake. Haka har lambar ta sauko ƙasa. Zancen zama ɗaya kuwa tuni aka bar shi. Yau an fi maganar zama shida zuwa goma sha biyu, kowane awa ɗaya ko da rabi.

Shekarun 1990 rigima aka sha. Wani ɓangare na rigimar kuɗi ne da sirri: waɗanda suka biya suka halarci horon farko sai da suka sa hannu cewa ba za su koya wa kowa ba. Shapiro ta ce don kare majinyata ne, masu suka suka ce kimiyya ba a yin ta a ɗaki a kulle. Kuma duk lokacin da wani bincike ya fito bai ga abin mamaki ba, sai a ce ai mai binciken bai yi horo na biyu ba. A 1999 Richard McNally na jami'ar Habad ya kwatanta abin gaba ɗaya da Franz Mesmer, likitan da ya rikita Paris da maganin maganaɗisu har sarki ya naɗa kwamiti a 1784, da Benjamin Franklin da Lavoisier a ciki, suka gano babu wani maganaɗisu, zato ne ke aiki. Hukuncin McNally a taƙaice: abin da ke aiki a EMDR tsoho ne, sabon da ke ciki kuma ba ya aiki. Rosen da abokinsa Gerald Davison suka kawo misalin hula. Ka ɗauki mai tsoron tuƙi, ka riƙa sa shi a mota sannu-sannu har ya saba, amma ka ce dole ya sa wata hula ta musamman. Ya warke, ka ce hula ce, ka buɗe makarantar sayar da huluna. Duk wanda ya san mai maganin tasha da ke zuba ƙwayar asibiti cikin garin saiwa ya gane zancen. A 2001 Davidson da Parker suka tattara binciken da aka yi, suka ce maganin ya fi zama ba magani, bai fi tsohuwar hanya ba, kuma ba su ga abin da motsin idon ya ƙara ba.

Ana wannan cacar baki a mujallu, maganin na can yana yawo. Bayan bam ɗin Oklahoma na 19 ga Afrilu 1995, wanda ya kashe mutum 168, masu EMDR suka je aikin sa kai, daga nan ƙungiyarsu ta agaji ta samo asali. A Mekziko, bayan guguwar Paulina ta afka wa Akapulko a Oktoba 1997, Lucina Artigas ta samu kanta gaban yara da yawa, ba ta da hannun da zai ishe su. Sai ta ce kowa ya harɗe hannuwansa a ƙirji ya riƙa bubbuga kansa, dama, hagu, kamar fiffiken malam-buɗe-littafi. Ita da Ignacio Jarero suka gina tsarin rukuni a kai, inda yara ke zana abin da ya faru maimakon su faɗa. A ganina wannan ya fi duk injinan fitilu da aka ƙera daga baya amfani, don ba ya cin ko dala. A ƙasashen da ke jin Faransanci kuwa, likita David Servan-Schreiber ne ya yayata shi da littafinsa Guérir na 2003.

Waɗanda suka ceci yatsun daga zama hula ba almajiran Shapiro ba ne, masu binciken tunani ne a ɗakin gwaji. Tun 1974 Alan Baddeley da Graham Hitch suka kawo bayanin abin da za mu kira ƙwaƙwalwar aiki, wato ɗan wurin da muke riƙe abu na ɗan lokaci muna juya shi. Wanda ya yi darasin yadda yaro ke koyon harshe ya gamu da ita, don ita ke riƙe sautin sabuwar kalma kafin ta zauna. Wurin ƙarami ne, kamar farantin ƴar talla: in an cika shi da goro, babu wurin gyaɗa. A 1997 Jackie Andrade da David Kavanagh da Baddeley suka nuna cewa in mutum na riƙe da hoto a zuci yana motsa ido, hoton na dushewa, zafinsa na raguwa. Marcel van den Hout da Iris Engelhard a Utrek, ƙasar Holan, suka bi zancen shekara da shekaru. Bayaninsu shi ne tunawa na cin wuri a farantin, bin yatsu ma na cin wuri, sai hoton ya zo a raunane, kuma a raunanen yake komawa ma'aji. Ku gwada da abu marar zafi: ku tuna fuskar malaminku na firamare, kuna ƙirga baya daga 100 kuna cire bakwai-bakwai.

Wannan bayani ya zo da hasashen da za a iya gwadawa, kuma nan ne daɗinsa. In gaskiya ne, motsa ido sama da ƙasa ya kamata ya yi aiki kamar dama da hagu. An gwada a Kanada a 2008, ya yi. Ke nan zancen da ake yawan ji, wai ana haɗa ɓangaren dama da na hagu na ƙwaƙwalwa, ba shi da ƙafa sosai. Ƙarar kunne, da ba ta cin wuri da yawa, ya kamata ta gaza ido, kuma ƴan Utrek sun samu hakan. Emily Holmes a Okusfod ta ma kai abin ga wasan Tetris: a 2009 ta nuna wa mutane fim mai tayar da hankali, waɗanda suka buga wasan bayan rabin awa suka samu ƙarancin dawowar hotunan a makon. A 2013 Christopher Lee da Pim Cuijpers suka sake tattara bincike suka ce lallai idon na ƙara wani abu, matsakaici. Akwai wasu bayanan, kamar na Robert Stickgold a 2002 da ya danganta shi da motsin ido na lokacin mafarki, da gwajin ɓeraye a Koriya ta Kudu a 2019, inda fitila mai kai-komo ta rage masu tsoron da aka koya masu. Ɓera dai ɓera ne. Ni na fi gamsuwa da farantin talla, ko da yake yana rage wa maganin kwarjini: babu sirri a ido, duk abin da ya shagaltar daidai gwargwado zai iya yi.

A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa EMDR cikin hanyoyi biyu da ta ba da shawara a kansu don wannan ciwo, ga manya da yara. Ingila ta riga ta tun 2005. Ƙungiyar masana halayya ta Amurka kuwa a 2017 da sharaɗi ta yarda, ta sa shi ƙasa da tsofaffin hanyoyi. A 2020 Cuijpers ɗin nan dai da abokansa suka ja kunne cewa yawancin gwaje-gwajen ba su da ƙarfin tsari, kuma hujjar amfani da shi ga wasu cututtuka ba ta isa ba tukuna. A riƙe wannan, don tun da Yarima Harry ya harɗe hannu yana bubbuga kafaɗa a wani shirin talabijin a 2021, intanet ta cika da masu cewa yana maganin komai. Kuma don Allah kada wani ya kalli bidiyo ya je ya ɗaga wa abokin ɗakinsa yatsu. Buɗe tunanin ba wuya, rufe shi lafiya ne aikin, shi ya sa matakai biyu na farko ba su da yatsu.

Ina aka dosa? A Holan, Ad de Jongh da Suzy Matthijssen na tura abin da suke kira EMDR 2.0: tun da cika faranti ne sirrin, sai a cika shi da kyau, ido na bin yatsu da sauri, baki na ƙirga ko harhaɗa kalma a juye, ƙafa na bugawa. Ana kuma matse jinyar watanni cikin kwana takwas. Annobar korona ta 2020 ta tura zaman kan allon kwamfuta, ɗigo na kai-komo maimakon yatsu, kuma akwai masu son manhaja ta yi aikin ba likita. Wannan na ƙarshen ban yarda da shi ba, saboda dalilin da na faɗa a sama.

Amma in ana neman inda ciwon ya fi yawa likita ya fi ƙaranci, ba Utrek za a duba ba. An gwada EMDR a sansanin ƴan gudun hijirar Siriya a Kilis, ƙasar Turkiyya, aka ga sauƙi, ko da yake da masu jiran layi aka kwatanta, ba da wani magani ba. Mu ma ba baƙi ba ne a zancen: Diffa da Bosso tun harin Fabrairu 2015, ƙauyukan Tillaberi, da dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka tsallako jihar Maraɗi tun 2019. Abu ɗaya da Hukumar Lafiya ta ambata ya dace da mu ƙwarai: wannan hanya ba ta buƙatar a ba da labarin dalla-dalla. Matar da aka keta wa haddi, wadda kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa ko uwarta ba, tana iya riƙe hoton a ranta ta faɗi lamba kawai. Zama gaban namiji baƙo yana kaɗa mata hannu dab da fuska kuwa, rungumar malam-buɗe-littafi ta raba wannan gardama.

Sauran aikin na harshe ne. An gina tsarin da Ingilishi, a nan kuma da Faransanci zai iso, ta bakin tafinta. Ma'aunin 0 zuwa 10 na ɗan lakkwal ne. Ga tsohuwar da ba ta shiga aji ba sai a nemi tsakuwa goma, ko ƙwarya da ruwa, kamar yadda ake nuna wa yara zanen fuskoki. Maganar da ake so mutum ya ƙare da ita, irin "ni mai ƙarfi ne", a bakin Bahaushe tana kama da cika baki. Zai fi sakin jiki da "Allah ya tsallakar da ni" ko "ya wuce". Wajen nuna ciwo a jiki kuwa Hausa ta riga tsarin isa: gabana na faɗuwa, zuciyata na tafasa, jikina ya mutu, raina ya ɓaci, hankalina ya tashi. Kowace da mazauninta, tafintan da ya tattara su duka ya ce angwas ya zubar da rabin bayanin.

Sai ƴar tambayar da ake maimaitawa bayan kowane kai-komo, sau talatin ko fiye a zama ɗaya. A asali an zaɓi kalmar da ba ta nuna ko hoto ake nufi, ko tunani, ko motsin jiki, don kada a ja mutum wani gefe. In tafinta ya ce "me ka gani?", ya tura shi neman hoto, wani ma zai ɗauka ana tambayar ko an buɗe masa ido ne. In ya ce "me kake tunani?", ya mayar da shi lissafi. Fi'ilin da ya fi kusa shi ne ji, don da shi muke jin ƙara, mu ji wari, mu ji zafi, mu ji tsoro, mu ji Hausa. Gani kaɗai ya bari a waje. Don haka "me ka ji?" ta ɗauki kusan duka, in kuma ana son a haɗa har da hoton, sai a ce "me ya zo maka?"